Ranar da Na Zama Tafintan Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, in yana cikin nishaɗi kuma "mushen lakwal", wato malamin makarantar boko. In na shigo zaure sai ya sami abin kallo a bango. To, ni ɗin nan dangi suka zaɓa in raka shi wurin likita, wai don ni na iya Faransanci. Dabarar danginmu ke nan.

Shekara da shekaru Baba ne ladanin masallacin unguwarmu a Birni. Da aka yi masa aikin furostat, kumburin nan da ke tare wa tsofaffi hanyar fitsari, sai hanyar ta buɗe fiye da yadda aka roƙa. Alwala ta ƙi zama. Ya daina zuwa masallaci, ya ce ƙafa ce. Liman ya sa wani tela ya riƙe kiran salla kafin ƙafar ta warke. Duk gidan mun san irin ƙafar, don igiyar shanya ba ta rabuwa da wanduna, amma ba mai cewa uffan. A bayan idonsa kuwa kowa likita ne. Wannan ya ce sanyi, wancan ya ce basir, yayar innarmu ta rantse telan ne ya yi masa asiri.

Likitan mutumin yammacin ƙasar ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce mini ɗigar fitsari iri-iri ce, kowace da maganinta. Ya ce in tambayi Baba: in ya yi tari ko ya ɗaga kaya yake zubowa, ko matsuwa ce ke zo masa farat ɗaya, ko kuwa ji yake mara ba ta gama juyewa?

Na dubi ƙasa na ce, "Baba, wai ya jiki?"

Baba ya dubi bango ya ce a gaya masa da sauƙi. Na gaya wa likita da sauƙi, cikin Faransanci mai kyau.

Haka muka yi zuwa uku, watanni na ta shuɗewa. Aka auna fitsari, babu ƙwayar cuta. Aka duba mara a na'ura, ba ta riƙe ragowa. Likita ya ba mu takarda a rubuta na kwana uku, abin da Baba ya sha da lokutan da ya jiƙe. Wa zai tambaye shi? Na cika ta da kaina a makaranta, tsaf, har da jan layi. Likita ya karanta ya ce bisa ga wannan takarda mahaifina ya fi shi lafiya.

Ana haka taubashiyar Baba ta zo daga ƙauyen Dogo da buhun gyaɗarta. Tsohuwa ce da bakinta ba shi da linzami, kuma tsakaninta da shi babu kunya sai wasa. Ta ga igiyar shanya ta tambaye shi yaushe aka yi masa haihuwa ba a gaya mata ba. Kafin la'asar ta tatsi labarin ciwon kaf daga bakinsa, yana zaginta tana dariya. Zuwa na huɗu ta bi mu ba wanda ya gayyace ta.

"Kai mushe," ta ce da ni a gaban likita, "gaya wa dokotoro tsohon nan in ya ɗago daga sujada sai ya jiƙe. In ya ɗaga murya ma haka. Zaune ko kwance ba komai. Kuma kullum sai ya sha tulu guda na jiƙo, ga shayi."

Na yi gyaran murya, na fara neman hanyar da zan bi ta gefe. Sai Baba ya juyo ya dube ni ido cikin ido. Na ji tsoro, wallahi.

"Faɗa masa yadda ta faɗa," ya ce.

Na faɗa. Likita ya shigar da shi bayan labule, ya sa shi tari a tsaye, bai yi minti biyar ba ya fito. Naman da ke tsuke ƙofar mafitsara ne ya yi rauni bayan aikin. Ya koya masa yadda zai riƙa matse shi kullum, ya hana jiƙo, ya rage shayi. Sannan ya dube ni ya ce da ya ji wannan tun ranar farko, da wata huɗu ke nan da farawa. Wannan ban fassara ba.

Bayan damina jikin Baba ya yi sauƙi sosai. Wata rana ya sa farar riga ya tafi masallaci tun kafin azahar. Ya tarar an saya wa telan sabuwar lasifika, an tabbatar masa da ladanci. Dattawa suka ce ai gara malam ya huta, ciwon ƙafa ba abin wasa ba ne. Ya bi salla a bayan liman ya dawo gida, bai ci abinci ba.

Na san a bakina watannin nan huɗu suka salwanta. Dangi kuwa har yau da ni suke wa 'ya'yansu misali, wai su koyi kunya.