An Yaba Dauriyata

Assalamu alaikum. Masu tambayar lafiyata ta saƙo, na gani, ban dai amsa ba. Tun kafin azumi rabona da rubutu a nan. Shiru ba ya ba ni wahala, a gidanmu koyar da shi ake yi. Labarinsa ma zan ba ku.

'Ya'yana biyu, Hanifa da Sadik, duk aiki aka yi mini aka ciro su. Wadda aka taɓa yi wa aiki a garin nan ta san tambayar 'yan barka. Za su ɗauki jariri, su yaba hanci, sannan a rage murya: "Da kanta ta haihu?" Sai ka ce akwai wadda ta taɓa tura wakiliya.

Goggo Rabi, yayar mahaifina da ke Ƙofar Guga, ba ta rage murya. Haihuwarta tara a ɗaki, kuma ko tarinta ba a taɓa ji ba. "Mu a gidanmu ba a kukan naƙuda," in ji ta, "sai dai a ji kukan jinjiri." Dariya nake yi in ta faɗa. Na yi jami'a, ina koyarwa a sakandare, da hannuna nake zana mahaifa a allo. Ashe maganar ta sami ɗaki a raina ta shimfiɗa tabarma.

Da na sami ciki na uku, na roƙi likitata ta bar ni in gwada haihuwa da kaina. Ba ta yaudare ni ba. Ta ce bayan aiki biyu tabon mahaifa zai iya buɗewa. Aka yi hoton ciki, aka yi gwaje-gwaje, aka sa maigidana ya tanadi jini. Ta yarda, amma a asibiti, kusa da ɗakin tiyata.

"Malama, duk ciwon da kika ji ya bambanta, ki faɗa nan take. Ke ce a cikin jikin, ba mu ba."

Na ce to, kamar ɗalibar kirki.

Naƙuda ta zo da hantsi. Ɗakin haihuwa cike, gadaje sun fi ma'aikata yawa. Matar da ke gefena tana ihu, tana rantsuwa mijinta ba zai ƙara ganin ko tafin ƙafarta ba. Kowa yana kanta. Ni na cije gefen zanena.

Sista ta ce mata, "Ke, dubi yayarki mana. Ko uffan. Wannan ita ce mace."

Na ji daɗi. Har raina.

Bayan azahar wani ciwo ya zo daban. Naƙuda takan zo ta tafi, shi wannan zama ya yi, daidai kan tsohon ɗinki, kamar an ɗora wuƙa mai zafi. Kafaɗata ma ta ɗauki ciwo. Na gane shi, har sunansa na sani da Turanci. Na ce bari sista ta gama da waccan, na kusa, saura ƙiris. Can naƙudar ta tsaya cak. Har hamdala na yi.

Da sista ta zo sauraren bugun zuciyar ɗan, ta daɗe tana yawo da na'urar a cikina.

"Tun yaushe? Baiwar Allah, mi ya hana ki magana?"

Abin da na tuna bayan nan, fitilun silin suna gudu.

Na farka washegari da robar fitsari, jinin wani yana shiga hannuna. Maigidana yana zaune, hularsa a gwiwa, jar ƙasa a ƙafar wandonsa. Ban tambaye shi ba. Ƙasar ta gaya mini daga inda yake.

"Namiji ne," ya ce. "Kamarsu ɗaya da Sadik."

Likita ta yi bayani. Mahaifa ta tsage, ba ta ɗinkuwa, an cire ta don a ceci raina. Ta ce ko da na yi magana da wuri, ba ta da tabbacin za a same shi da rai. Ban sani ba ko gaskiya ce ko tausayi, kuma na daina bincike. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa.

Jinya ta yi tsawo. Ɗinki ya yi ruwa, kullum wankin ciwo, kuɗin hidimar suna suka ƙare a kantin magani. Nono ya kawo, shi ba wanda ya gaya masa an yi rasuwa. Aka ɗaure mini ƙirji da zane.

A gida na tarar da ragon suna ɗaure a tsakar gida, an rasa mai ƙarfin halin sayar da shi. Da ya ji yunwa sai ya yi ta kuka har a kawo dusa. Ina kwance ina jinsa, na ce lallai ka fi ni karatu.

Goggo ta zo da kunun kanwa. Ta daɗe tana juya ludayi.

"An ce ko tari ba ki yi ba."

Na ce haka ne, Goggo, ban ba gida kunya ba.

Ta aje ludayin. "Tara na haifa, ɗiyata. Huɗu kaɗai suka zo da rai na goya. Wannan rabin labarin ne ban taɓa faɗa maku ba."

Sai ta fashe da kuka, da ƙarfi, har ragon ya yi shiru. Ranar na fara jin kukan Goggo. Ranar ni ma na yi nawa.

Yanzu ina tafiya a miƙe, na koma aji. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitata da sistar da ta tura gadona a guje, da maigidana da bai taɓa tambayata dalili ba, da mutanen da suka ba da jini ban san fuskokinsu ba. Allah ya saka.

Wadda aka yi wa aiki tana son gwadawa, ki shawarci likita, ki yi a asibitin da ke da tiyata da jini, kada a gida. Masu zuwa barka, ku tambayi lafiyar mai jego, ku tsaya nan.

In ciwo ya canza, ki yi ihu. Ki tara wa kowa jama'a. Matar nan ta gefena, da ɗanta ta koma gida.