Datuk Bustami, Dattijon da Ya Ce Sai An Ji Ta Bakina

Ranar Laraba, sha huɗu ga Sha'aban, ina shanya kirfa a ƙofar gida aka buga gangar masallacin garinmu Koto Ranah, bugun da ba na sallah ba. Tun kafin a faɗa jikina ya ba ni, domin kwana tara ke nan dattijon namu bai fito ba. Datuk Bustami ya cika yana da shekara tamanin da ɗaya. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Kawu, shekara talatin ka yi kana magatakarda a kotun lardi kafin dangi su naɗa ka Datuk, wato shugaban zuriya, ka dawo gida ka san kan kotuna kamar yunwar cikinka. Mai rigimar gado ka tura shi kotun addini, mai rigimar takardar fili kotun gwamnati. Wanda aka kayar ka nuna masa hanyar kotun ɗaukaka ƙara, ka kuma ba shi shawarar ya fara yi wa ɓaunarsa ta noma bankwana, don kuɗin shari'a za su cinye ta. Rumfar kofin Mak Upiak kuwa kotun ƙoli kake kiranta, wai duk wanda aka yanke wa hukunci a nan ba shi da inda zai kai kuka. Ni ma a can aka fara yanke mini nawa.

Gurbin kogin da ke bayan masallaci ba a taɓa kifinsa sai ranar da dattawa suka buɗe shi, sau ɗaya a shekara. Shekara ashirin da biyu da suka wuce aka wayi gari kifin duk ya taso ciki sama, wani ya zuba guba. Darmawi, ɗan ƙanwarka, ya ce ya gan ni a bakin ruwan. Ina can kasuwar Payakumbuh na kai kirfa, dattawa bakwai suka zauna, shida suka amince a yanke gidanmu daga gari: ba mai zuwa bikinmu, ba mai ɗaukar gawarmu. A lokacin mahaifiyata tana kwance, kowa ya san ba tashi za ta yi ba.

Hukuncin dattawa ba ya tabbata sai bakinsu ya zo ɗaya, kai kuma ka ƙi. Suka tuna maka cewa mai shaidar jininka ne. Waɗanda ke wurin sun ce murmushi ka yi, ka ce: "Ko a kotun soja na ga an tsayar da mutum an tambaye shi sunansa. Yaron nan shi ma kifi ne, da za a gama da shi bai buɗe baki ba? In kotun jeka-na-yi-ka kuke so, ku yi abarku, ban da ni." Haka zaman ya watse.

Da na dawo aka kira ni zauren dattawa, ni kuwa na san ni ba wankakke ba ne.

"Yusrizal, ka je gurbin nan ko ba ka je ba?"

"Na je, Kawu. Biyu na kama da ƙugiya. Inna ce ta ce romon kifi take marmari."

"Gubar fa?"

"Wallahi ban san ta ba."

Ka juya ga sauran ka ce to ga ɓarawon kifi biyu an samu, mai guba kuwa yana nan cikinmu yana shan kofi. Na zaci shi ke nan ka wanke ni. Ashe da sauran rina a kaba, domin da bakinka ka yanke mini ɗebo duwatsun kogi na ginin katangar masallaci, kwana arba'in, a ka, kuma ta gaban rumfar Mak Upiak. Ba zan ɓoye ba, na ji haushinka ƙwarai. Ban san cewa saboda ni ƙanwarka ta daina gaishe ka ba, sai da ta kwashe shekara biyu a haka. Mai guba dai ba a taɓa gano shi ba, har gobe akwai masu yi mini kallonsa.

Ranar talatin da ɗaya ta ɗibar duwatsuna Inna ta rasu. Na fito ƙofar gida ina tunanin wa zai kama mini, sai na ga gari ya cika layi, mata da tukwanen shinkafa, Darmawi yana can yana haƙa kabari, kai kuma ka riƙe gaban makara. Ban taɓa kuka irin na ranar ba. Bayan sadakar uku ka aiko a tuna mini saura kwana tara.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka saurari mai laifi, Allah Ya saurare ka da rahama ranar tsayuwa a gabanSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Etek Rosmaniar, da 'ya'yanka, da 'ya'yan 'yan'uwanka mata, da duk mutanen Koto Ranah. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata tamu in ta zo.