Tukunyar Shamuwa a Kan Tsamiyarmu

Jiya tulu ya suɓuce wa jikata ya fashe a tsakar gida. Ban yi mata faɗa ba, amma ƙarar nan ta tayar mini da wani tsohon haushi, kuma sai na gaya muku.

Lokacin Nasara, bayan ruwa ya kore mu daga tsohon gari mun hau tudu, akwai tsamiya a gidanmu. Kakata ta sa aka ɗora tsohuwar tukunya tsakanin rassanta, don shamuwa ta yi sheƙa. Duk ƙarshen bazara sai su zo, mace da namiji, su cika tukunyar da ƙirare. Kashinsu ya ɓata mana shanya, wari kuwa ba a magana, amma ba mai jifar su. 'Yan'uwa daga Tibiri da Jiratawa, in sun zo kasuwa, sai sun biyo sun tambaya: "Inna, baƙinki sun sauka?" In ta ce sun yi ƙwai, sai a koma a fiddo iri.

Wata shekara kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya ba da oda a fasa duk tukunyar da ruwa ke kwana ciki, wai sauro. Da hantsi gardinsa, wato ɗan sandansa, ya shigo da jar hula da doguwar gora. Ba baƙo ba ne, ɗan Tibiri ne, uwarsa ma tana cikin masu aiko da tambaya. Ya leƙa randunanmu, ya ɗaga kai.

Kaka ta ce, "Ɗan nan, ba ruwa ciki. Ƙwai ne huɗu."

"Inna, Mushe kumandan ya ce tukunya. Bai ce ban da ta sama ba."

"Mushen ne ya yi wa uwarka wankan jego? Hau ka duba da idonka."

Bai hau ba, yana tsoron wandon gwamnati ya yage. Gora ya sa ya tunkuɗo ta. Na ga gwaiduwa a ƙasa, ɗaya har da ɗan tsako ciki. Tsuntsayen suka yi ta kewaya gidan har azahar.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta raka shi har zaure ta ce, "Ka gaya wa uwarka, bana ta tambayi kumandan ranar shuka."

An ɗora sabuwar tukunya, shekara uku tana nan wayam, sai ƙadangaru.

Nasara bai san shamuwa ba, shi ban riƙe shi da yawa ba. Wanda ya sani ya yi, shi ne ya tsaya mini a wuya. Yanzu ina zaune a Zariya, ba kumandan, ba gardi. Bara maƙwabcina, mutum mai furfura, ya sare itacen bedin ƙofar gidansa da sheƙar shamuwa a kai, wai suna ɓata masa mota. Har yau in ya gaishe ni, ta bayan ƙyaure nake amsawa.