Kawu da Alƙawarin Zara

Mun tashi da asuba daga Bungudu, ni da ƙanena, a motar aro wadda sai an tura take tashi. Kucheri muka nufa, wurin kawunmu. Yanar ido ta rufe masa gani, likita a Gusau ya ce aikin mai sauƙi ne, shi kuwa ya rantse ba mai sa masa wuƙa a ido. Innarmu ta yi magana har ta gaji, shi ne ta tura mu.

A Gusau layin mai ba a ganin ƙarshensa, dole muka sha wurin 'yan bumburutu, da tsada kamar zuma muke saye. Muka karya da ƙosai mai zafi a bakin tasha. Daga nan hanya ta miƙe, ga duwatsun Kwatarkwashi, ga dawa an girbe, Fulani sun saki shanu cikin kara. Ƙanena kuwa sai bitar wa'azin da zai yi wa Kawu yake.

Mun tarar da shi a zaure. Mutumin da manoma ke tambaya lokacin shuka saboda sanin taurari, yau da lalube yake neman butarsa. Abin ya sosa min rai ƙwarai. Wa'azin ƙanena bai kai rabi ba, Kawu ya ce a dama mana fura.

Don in sauya zance, na ba shi labarin da na ji a rediyo, cewa wata na'urar hangen nesa da aka harba sama ta ɗauki hoton wani ƙaramin tauraro yana ratsa gefen rana, baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero a faifai. Mu nan lokacin dare ya yi, ba mu gani ba. Na ce masana sun ce ita ma tauraruwar nan Zara za ta ratsa gaban rana nan da shekara biyar ba kaɗan, kuma babu mai rai da ya taɓa ganin haka.

Kawu ya ajiye ludayi.

"Zara wagga da nis sani?"

"Ita fa, Kawu. Da hantsi, ta gilashin masu walda za a duba."

"Tun ina kiwon awaki nike kallon ta, kuma ta yi wanga abu ba ni gani?"

Sai ya tambaya ko ana jin zafi in ana aikin. Kafin azahar ya sa a ɗauko masa babbar riga.

A Tsafe muka tsaya sayen rake, Kawu yana gidan gaba yana yi wa ƙanena faɗan gudu. Muka kai shi asibiti a Gusau, aka ba shi gado, muka isa Bungudu bayan la'asar. Da farko Inna ba ta yarda ba, daga baya ta fashe da kuka.

Tafiyar nan ta koya min abu guda. Shekara da shekaru muna tsorata Kawu da makanta, ba wanda ya taɓa gaya masa akwai sauran abin da zai gani.