Injin da Ya Biyo Ni Gida

Wautar da na tafka a shekarar da na bar niƙa ba zan manta da ita ba har in mutu. Shekara talatin na yi ina niƙa hatsi da rogo a bayan kasuwar Lafiya. Abokan aikina suna toshe kunne da auduga, ni kuwa ina yi musu dariya, ina ce musu tsofaffin mata. Aji uku na yi a firamare, amma a lokacin gani nake na fi kowa wayo.

Bayan na sayar da injin na zauna gida a Azuba, sai na fara jin ƙararsa. Ina zaune a gindin mangwaro da rana tsaka, shuuu, babu tsayawa. Na je na buga wa maƙwabcina ƙofa na ce ya kashe janaretansa, mutane su huta. Ya kama hannuna ya kai ni bayan ɗaki. Janaretan na nan a kwance, an cire masa ciki, har kaza ta yi ƙwai a gefensa.

Nan na tuna wani abu. Ina yaro, ƙanen babana haka ya fara, yana jin abin da ba wanda yake ji. Ƙarshensa sarƙa aka sa masa a ƙafa aka ɗaure a turke.

Ban gaya wa matata ba. Na hau mota na tafi gonar wana a Obi, na kutsa tsakiyar doya inda ko babur ba ya zuwa. Na ce in na ji a nan, to shi ke nan. Na tsaya na riƙe numfashi. Ashe ma a nan ya fi ƙarfi.

Sai na sayi audugar da na raina, na cusa cikin kunnuwa, na ja hula na rufe. Wata biyu ina haka. Ƙarar ta ƙaru, maganar mutane ta ɓace mini, amma in cokali ya faɗi ƙasa sai in ji kamar an soka mini ƙusa a kai. Na daina cin abinci sosai. Duk wanda ya shigo gidan sai in dubi hannunsa ko da igiya.

Wata safiya matata ta fizge hular, ta ga audugar. Ta tare Keke Napep ta ce in shiga. Hanya duka ina lura ko ina za mu juya. Asibitin kunne ta kai ni.

Likitar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta gwada ni ta ce, "Baba, injin ya cinye maka ji. A cikin ƙwaƙwalwa akwai masu tsawatarwa, aikinsu su ce wa sauran a yi shiru. Da kunne ya rage aiko da sauti, sai suka sassauta, ƙwaƙwalwa ta ƙure murya tana laluben abin ji, kamar rediyon da ya rasa tasha."

Na ce, "Wato ba hauka ba ne?"

"Ba hauka ba ne. Audugar nan kuma a bakin inji ya kamata ka sa ta. Yanzu yunwa kake ƙara wa ƙwaƙwalwar."

Ta sa mini na'urar ji. Injin bai mutu ba har yau, amma ya koma can nesa, kamar na unguwar gaba. Abin da na koya shi ne, ɓoye ciwo ya fi ciwon cin mutum.

A cikin Keke muna komowa na ba matata labarin ƙanen babana da sarƙar. Ta matso daidai kunnena mai na'ura.

"Baban yara, shekara arba'in muna tare, ashe ka ɗauka ni zan riƙe musu ƙafarka su ɗaure?"

Na ji ta sarai, amma na yi kamar batirin ya mutu.