Taraktar da Ta Ƙi Tsayawa: Ta'aziyyar Masa Bawa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, huɗu ga watan Yuni, 1970, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Masa Bawa (Masa, wato maigidan gareji), makanike kuma direban tarakta na unguwar Asawase, a cikin tsohuwar makabartarmu, ina tsaye ina kallo. Ni ne Muniru mai goro, maƙwabcinsa na shekara goma sha tara. Tun ranar ake ta surutu a Zongo. Wasu sun ce mutanen ɓoye ne suka tura shi, wasu sun ce mamata ne ba sa son ƙarar inji a kansu. Na ɗauki alƙalami don in yi ta'aziyya, in kuma faɗi abin da na sani, ko da zai zubar mini da mutunci.

Masa, kowa ya san halinka. Ba ka iya ganin an ɗora wa abu kayan da ya fi ƙarfinsa ka wuce. Sau nawa ka tare ɗan dako a bakin kasuwa, ka sauke masa buhu ɗaya, ka bi mai kayan da faɗa har rumfarsa? Ranar da injin niƙan Barkisu ya tsaya, ga ta da marayu huɗu, ka wuni a kansa. Da ta shiga godiya ka ce ta yi wa injin, don shi ne ya yi haƙuri da ita shekara uku ba mai.

A watan Disambar bara, da dokar korar baƙi ta faɗo mana, taraktarka ƙarama ce ta yi ta jan kayan mutane zuwa tasha har sati biyu. Gidaje suka zama kwaɗo a ƙofa, sahun masallaci ya tsinke. Mamata kaɗai ne ba a tambaye su takarda ba. Cikin waɗanda suka tafi akwai Alhaji Talle, wanda ya bar maka babban injin sharar dajin gonarsa, wanda muke kira silasha. Ni kuwa ya kama hannuna ya kai ni kabarin matarsa Mamuna, ya nuna mini wata farar tasa da ya kife ya binne rabinta a wajen kai, ya ba ni amanar kada ciyawa ta cinye wurin. Na buga ƙirji na ce ko ido rufe zan gane shi.

Wata shida ban leƙa ba. Sai da wasiƙarsa ta zo tana tambayar kabarin, sannan na je. Masu zuwa da adda su share kaburburan iyayensu duk sun tafi, damina ta sauka, daji ya wuce kaina. Ko tsuntsu ban ji ba. Ciyawa na motsi a wuri ɗaya alhali babu iska. Na juya ban ko yi addu'a ba, na nufo garejinka.

Ka ce ƙaramar silasharka ba za ta ci waɗannan itatuwa ba. Na ce to ga ta Alhaji nan kwance. Ka girgiza kai, ka ce an ƙera ta ne don tarakta mai girman taka biyu. In ka ɗaga ta, ƙafafun gaba za su bar ƙasa, sitiyari ya zama banza. Wannan yana da magani. Wanda ba shi da magani shi ne wuƙaƙenta: suna da nauyi, in sun ɗauki juyi ba sa jin magana, kuma a irin taraktarka sandar da ke juya su a haɗe take da ƙafafu. Ko ka taka kuloci ka taka birki, su ne za su ci gaba da tura ka. Akwai wani ƙarfe da ake sawa a tsakani, amma ka zagaye Magazin, kasuwar kayan gyaran mota, ba ka samu ba. Na ce ashe Masa ma ya fara tsoro. Na faɗa cikin wasa, a gaban mutane, kuma na san inda zai taɓa ka.

Ka ɗaure tsohon kan injin mota a hancin taraktar don ya danne ta. Ka ce da sharaɗi ɗaya: sai mun bi da ƙafa mun kafa sanda a kan kowane kabari, kai kuma ka share tsakani kawai, don ba za ka iya tsayawa farat ɗaya ba. Kwana biyu muna yi. Da muka zo ɓangaren Mamuna na nemi tasar na rasa. Kunya ta hana ni cewa na manta. Na zaɓi wani tudu na kafa sanda. Ka dube ni ka ce, "Malam Muniru, ka tabbata? Nan gefen fili ne, zan bi?" Na ce na tabbata.

Ranar Alhamis ka shiga. Layi na farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku, a daidai inda na ce fili ne, ciyawa ta kwanta a gabanka, wani farin abu ya haska. Na ga ƙafafunka biyu sun danna kuloci da birki har ƙasa. Taraktar ta ci gaba da tafiya a hankali, kamar akwai mai tura ta daga baya. Da ka miƙe da ka wuce lafiya, tudun kabarin bai kai gwiwa ba. Sai ka karya sitiyari hagu, inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya yi kwazazzabo. Ta kife da kai.

Injin ya mutu, amma wuƙaƙen ba su tsaya ba. Suna sama, suna juyi, suna wani irin gunji siriri da har yau nake ji in kasuwa ta yi shiru. Suna tsakanina da kai, ban iya matsowa ba. Daga ƙarƙashi na ji muryarka, ba ihu, ba salati ma tukuna. Cewa ka yi, "Na taka ta?" A lokacin ni ma ban sani ba. Kafin wuƙaƙen su tsaya na ji kalmar shahada, sannan ban ƙara jin komai ba.

Saboda haka jama'ar Zongo, a daina ɗora wa mamata laifi. Ba aljani, ba fatalwa. Ƙarfe ne ya yi abin da mai shi ya ce zai yi, sanda kuma ni na kafa ta a inda ba daidai ba.

Allah Ya jiƙan Masa Bawa, Ya yalwata kabarinsa, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Azaratu, da 'ya'yansa Habibatu da Mamudu, da dukan makanikan Asawase. Azaratu, kin karɓi gaisuwata kwana bakwai ba ki san wannan ba. Yanzu kin sani. Ina roƙon gafararki, in kuma ba ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.

Masa, na koma na auna da hannuna. Tsakanin sawun tayarka da tasar Mamuna taƙi ɗaya ne. Ba ka taka ta ba. Allah Ya gafarta maka, amin.