Shinkafarmu a Buhun Wasu

A duk shekarun da na yi a kamfanin casar shinkafa na marigayi Alhaji Bawa, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da na ga shinkafarmu a buhun wasu. Ku da kuka kama aiki daga baya ba ku san labarin ba, shi ya sa nake so ku ji shi daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Lokacin ni ne shugaban sashen awo da ɗinki. Idan an sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga manoman Geza da Bahindi, akan jiƙa ta, a turara, a shanya, sannan inji ya cashe ta ya fitar da tsakuwa. A hannunmu take ƙarewa: mu auna, mu zuba a buhu mai sunan kamfani, mu ɗinke. Alhaji kuwa ɗan dako ne tun farko, a bakin ruwa yake sauke kayan mutane daga jirgi. Karatun boko ma sai da furfura ta fito masa sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci.

Babban mai sayenmu a wancan lokacin wani ɗan kasuwa ne, Dantani. Shi ke kwashe mafi yawan abin da muke casa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a zuba masa a farin buhu marar rubutu. Ba wanda ya tambayi dalili.

Wata ranar kasuwar Lolo na je sayen zare, na bi ta bayan rumfarsa. Sai na tarar ana farke fararen buhunanmu, ana juye su cikin buhunan shinkafa 'yar waje irin wadda ke shigowa ta Benin. Na koma na faɗa wa Alhaji. Ya ce, “Umaru, kasuwa mai zuwa ka kai ni.”

Muka je. Ya tsaya gefen rumfar kamar mai jiran wani. Wata mata ta damƙi shinkafar tana dubawa, ta ce wa abokiyarta, “Kin ga abin kirki. Ni ba ni cin 'yar gida, duk tsakuwa ce.” Ta saya ta wuce.

A mota na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, “Ka ji matar can? Ta yabi shinkafata ba ta sani ba. Ashe mun kai, Umaru. Suna ne ya rage.”

Washegari ya aika aka kira Dantani, ya ce daga ranar babu sauran farin buhu.

Dantani ya yi dariya. “Haba Alhaji, mi ya haɗa ka da buhu? Kai dai ka sai da abinka.”

“Da ƙuruciyata kayan wasu na ɗauka bisa kai. Ban gina wurin ga don shinkafata ta ɗauki sunan wasu ba.”

“To in na tahi, wa zai kwashe maka?”

“Allahn da ya turo ka.”

Dantani ya tafi, bai sake aikowa ba. Sito ya cika har muna jera buhu a baranda. Manaja ya kawo shawarar a rage ma'aikata, kuma sashena ne farkon wanda za a taɓa. Kowannenmu da iyali. Alhaji ya ce a ba shi lokaci.

Abin da ya yi ban taɓa ganin mai kamfani ya yi ba. Duk ranar kasuwar Lolo sai ya sa a ɗora tukunya kusa da buhunanmu, ya tuɓe babbar riga, ya zauna yana zuba wa mutane da hannunsa. Tsofaffin abokansa na dako suna wucewa suna tsokanarsa, “Bawa, an koma sai da abinci?” Shi kuma ya ce, “Zo ka ci, ɗan nema. In ka tauna tsakuwa, buhun naka ne.” Da Dandanci yake ciniki da mutanen ƙetare, har Faransanci ya riƙa tsinta a bakinsu yana maimaitawa, suna gyara masa.

Masu sayar da abinci ne suka fara ɗauka, sai masu shaguna, sai 'yan kasuwar Benin suka fara ƙetarowa suna neman buhunmu da sunansa. Ba a sallami ko mutum ɗaya ba. Kafin sabuwar shanshera ta shigo, sai ga Dantani a ƙofar ofis, yana ta gyaran hula. Ya ce, “Alhaji, mai sunan nika so.” Alhaji bai tuna masa komai ba. Ya dube ni ya ce, “Umaru, a auna mishi.”

A wannan damina Allah ya karɓi abinsa, Alhaji ya rasu. Har yanzu idan na ji mota ta tsaya a ƙofa nakan ɗaga kai.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan gyara kaya rabin aiki ne. Sauran rabin, mutum ya yarda ya tsaya kusa da kayansa a tsakiyar kasuwa, a san nasa ne. Alhaji bai gaji komai ba, kuma bai taɓa jin kunyar koyo ko kunyar farawa daga ƙasa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Injinan da ya bari suna nan suna aiki. Burinsa ne nake tsoron kada ya mutu a hannunmu.